ZANCEN ZAURE: Kafin A Shafa Wa Jirgin Faiba Fenti

Zancenmu na wannan wata, wata rigima ce ta jawo shi, kuma mun ga ya kamata mu shimfiɗa muku ita, domin abin da ya sami ɗaya yau yana iya samun goma gobe.

Kwanan baya aka kira mu mu zauna tare da dattawa a sasanta waɗansu 'yan'uwa biyu. Na ɗaya wani Alhaji ne mai fataucin doya da busasshen kifi tsakanin Yeji da Makango. Shi da abokan cinikinsa biyu suka haɗa kuɗi, suka sayi tsohon jirgin ruwa na faiba, aka ɗauko shi a mota daga bakin teku. Na biyu kuwa yaro ne mai fenti, wanda duk mun san aikinsa a gidajenmu da shagunanmu, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Alhaji ya ce masa yana son jirgin ya shiga ruwa ran kasuwa mai zuwa. Yaro ya ɗauki buroshi, cikin kwana biyu ya gama, jirgi ya fito shuɗi fes, kowa na yabo. Ba a yi wata uku ba fenti ya soma tashi falle-falle kamar saɓar maciji.

Alhaji ya ce an saya masa jabun fenti an cinye sauran kuɗin. Yaro ya kawo gwangwanaye da takardar kanti, ya ce shi dai abin da aka sa shi ya yi. Magana ta yi zafi har aka soma ambaton iyaye. Sai ɗaya daga cikin dattawa ya ce a kira wani tsoho da ya daɗe yana gyaran jirage a bakin teku kafin ya komo gida. Muka ɗunguma tare da shi har bakin ruwa. Ya sa farce ya ɓamɓaro fallen fenti, ya juya bayansa ya nuna mana, sumul yana ƙyalli kamar bayan tangaran. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya watsa a wurin da fentin ya tashi, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara. Ya dubi mai jirgin ya ce, "Alhaji, fentinka ba shi da laifi. A kan kaki da gishiri aka shafa shi, bai sami abin kamawa ba." Sa'an nan ya juya wajen yaro ya ce, "Kai kuma ɗana, bangon siminti yana shan fenti, faiba ba ta sha. Da ka tambaya."

Mun zauna da wannan tsoho har la'asar muna tambaya yana ba mu amsa, muka kuma duba abin da masu yin fentin da kansu su ke rubutawa a jikin gwangwani. Ga abin da muka tattaro.

MENE NE FAIBA?

Alhazanmu sun riga sun ga irinta, ko da ya ke ba a ruwa ba. Duk wanda ya kwana a Muzdalifa ya ga fararen tantunan Mina jere, har waɗansu sun tsallako cikin iyakar Muzdalifa ɗin. A da tantunan auduga ne. Ran 15 ga Afrilu 1997 gobara ta tashi a Mina, ta ci rayukan mutum fiye da 340. Bayan wannan ne hukumar Saudiyya ta kafa waɗannan na yanzu, waɗanda aka saƙa da zaren gilashi, aka shafe shi da wani abu mai suna Teflon, don kada wuta ta kama shi, ruwa da datti kuma kada su zauna a kansa.

To, wannan zaren gilashi shi ne ƙashin jirgin faiba. Narkakken gilashi a ke ja ya zama zare siriri, ya fi gashi laushi. Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ya yaɗa shi a kasuwa, kuma a 1942 wani mutumin garin Toledo mai suna Ray Greene ya ƙera jirgin ruwa da shi. Yadda a ke yi, ana da mazubi mai siffar jirgi, kamar abin buga bulo. Sai a shafe cikinsa da kaki, ɗan'uwan kakin zuma, don kada aikin ya manne. A fesa wata fata mai launi da ƙyalli wadda a ke kira jelkot, kaurinta wajen rabin milimita, watau kamar kaurin farce. A kanta a ke shimfiɗa tabarmar zaren, a jiƙa ta da wani ƙaro na masana'anta mai suna rezin, falle bisa falle, har ya daskare. In an zare jirgin daga mazubi, jelkot ce a waje, kuma kakin nan yana biye da ita.

Ku lura da wannan. An shafa wa tantin Mina abin da zai hana kome zama a kansa, da gangan. Jirgin faiba ma haka ya ke fitowa, da santsin da aka yi musamman don kada ya kama kome. In tsoho ne kuma, mai shi na da ya sha goge shi da man ƙyalli, ga man inji, ga gishirin teku. Wanda ya ɗora fenti a kan wannan, kamar marini ne da ya tsoma sabon yadi cikin baba bai wanke sitacinsa ba. Masu rini a Ƙofar Mata ta Kano ba su yin haka, mu ma kada mu yi.

WANKI DA CIRE KAKI

Abu na fari, a fid da jirgi daga ruwa, a ɗora shi bisa itatuwa ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. A kankare gansakuka tun tana ɗanya, gama in ta bushe ta fi wuyar fita. A wanke shi sarai da ruwan daɗi da sabulun gari, a ɗauraye sau biyu. Jirgin da ya fito daga Tema ko Sekondi sai an ƙara masa ɗauraya, domin gishirin da ya maƙale yana jawo laima ƙarƙashin fenti.

Sa'an nan a cire kaki. Sabulu kaɗai ba ya fid da shi duka, sai da ruwan maganin da a ke sayarwa don wannan aiki a kantin kayan jirage. Da tsumma biyu a ke yi, farare masu tsabta. A jiƙa ɗaya a goge wuri kamar kamu biyu, nan da nan a bi da busasshen kafin maganin ya tashi. Ana yi ana juya tsumma, ana sakewa. Wanda ya riƙe tsumma ɗaya tun daga goshin jirgi har wutsiya, kakin ya ke ɗauka daga nan ya kai can.

Gwajinsa shi ne wanda tsohon nan ya yi a gabanmu. A watsa ruwa. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran kaki, a koma. In ya shimfiɗu ya rufe wurin bai tsage ba, an gama. Wannan gwaji ba ya bukatar ilmin boko, kowane mai jirgi yana iya yinsa da buta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a soma guga da samfefa tun ba a cire kakin ba. Samfefa ba ta ɗauke kaki, sai dai ta cusa shi cikin zanen da ta yi, daga nan fid da shi ya zama aiki biyu. Wanki tukuna, guga daga baya.

BUSHEWA DA BORORO

Mutane suna cewa faiba ba ta shan ruwa. Gaskiya ne ba ta ruɓewa kamar katako, amma jelkot tana tsotsar ruwa kaɗan-kaɗan in jirgi ya shekara a ciki. Ruwan ya kan tarar da ɗan gurbin da rezin bai cika ba, ya narkar da abin da ke wurin, ya yi ta jawo wani ruwan, har fatar ta kumbura ta yi bororo kamar hannun da ya sha fartanya. Ruwan daɗi mai ɗumi, irin na Tabkin Volta, ya fi ruwan teku mai sanyi saurin kawo wannan ciwo.

A bi gindin jirgi da hannu da ido, a sa wa kowane bororo alama da alli. A fasa shi, amma a kare ido, gama ruwan cikinsa mai tsami ne, ya kan yi tsartuwa. A rarake har a kai ga lafiyayyen wuri, a wanke da ruwan daɗi, a bari ya bushe, a sake wankewa bayan 'yan kwanaki. Bushewar nan ta makonni ce, ba ta wuni ɗaya ba. Sabo da haka lokacin wannan aiki shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Mai son ya san ko jirgi ya bushe, ya manna leda mai haske kamar faɗin tafin hannu biyu a jikinsa da salatif, ya rufe gefunanta duka, ya bari ta kwana. In da safe ya ga gumi a cikinta, da sauran jira.

Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya rufe dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Kete-Karachi, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashin tabkin. Kowane matuƙi ya san su. Duk inda kututture ya daki jirgi, a ƙwanƙwasa wurin da ƙotar wuƙa. Lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu a ciki kuwa sai ka ji shi dum-dum. Irin wannan sai an yi masa faci da sabon zare da rezin. In aka rufe tsaga da fenti, an ɓoye ta ne ga idon mai jirgi, ruwa kuwa ya san hanyarsa, kuma mata da yara ne a ciki ran kasuwa.

Ramukan da aka rarake, a cike su da foti na ifoksi. Kada a karɓi fotin da masu gyaran jikin mota su ke aiki da shi a wurin da ruwa ke rufewa. Ya fi araha, amma yana shan ruwa, ya kumbura ya faɗo. Araha ba ta ado.

GUGA

Amfanin guga shi ne a kashe ƙyallin jelkot, a yi mata ƙananan zane inda fenti zai sa farce ya riƙe. Kowace samfefa da lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Gindin jirgi, inda ruwa ke rufewa, lamba 80 a ke sa masa. Daga iyakar ruwa zuwa sama, inda ido ke gani, daga 120 zuwa 220. A naɗe takardar a jikin ɗan katako mai faɗi, don kada yatsu su yi kwari a jikin jirgin. A goga har ko'ina ya dushe. A tsuguna a dube shi ta gefe wajen haske, duk inda ya ke walƙiya ba a taɓa shi ba, kuma daga nan fenti zai soma tashi. Lungu da ƙarƙashin baki su aka fi mantawa. Amma kada a zarce har zaren ya bayyana, mun riga mun faɗa muku kaurin fatar.

In da tsohon fenti a jiki, a gwada shi kafin a yanke shawarar barinsa. A tsaga shi da reza, layi-layi a gicciye kamar gidan dara, a manna salatif a danna, a fizge. In ya biyo salatif, a kankare shi duka. A kuma jiƙa tsumma da tina mai ƙarfi a ɗora a kansa 'yan mintoci. In ya yi laushi, to, fentin gwangwani ɗaya ne, kuma fenti mai haɗi biyu ba ya hawa kansa, sai ya tattare shi ya yamutse.

Muna roƙon iyayen gida su ji tausayin yaran da ke wannan guga. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana cutar huhu. Fentin gindin jiragen teku kuma da guba a ciki, yawanci ta jan ƙarfe, don ta hana tsiro da ƙwarin ruwa mannewa. Akwai ma wata tsohuwar guba mai suna TBT, wadda yarjejeniyar Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya ta 2001 ta hana, hanin ya soma aiki a 2008, sabo da ɓarnar da ta yi wa halittun ruwa. Irin wannan fenti da ruwa a ke gugarsa don kada ƙura ta tashi. A saya wa yaro takunkumin hanci na ƙwarai da safar hannu da tabarau. A shimfiɗa leda a ƙasa a tattara abin da ya zuba, kada a wanke shi cikin tabkin da mu ke sha, mu ke kuma kamun kifin da mu ke sayarwa.

In an gama guga a share ƙura, a wanke, a bari ya bushe. Daga nan kada kowa ya dafa jirgin da hannu, ko mai shi, domin maiƙon tafin hannu ya isa ya ɓata wuri.

FARAIMA

Faraima ita ce shimfiɗar fari, mai riƙe jirgi da hannu ɗaya, ta riƙe fenti da ɗayan. Wadda ta dace da faiba ita ce ta ifoksi, mai zuwa cikin gwangwani biyu, babba da ƙarami. A haɗa su bisa ga awon da aka rubuta a jiki, da mudu ɗaya a ke aunawa, ba da ido ba. Wanda ya rage na ƙaramin gwangwani don ya yi tsimi, faraimarsa ba za ta daskare daidai ba har abada. A dama sosai har gindin kwano. Kada a haɗa da yawa, gama da zarar an haɗa ta soma aiki, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta ta. Kada a tsinka ta da kananzir ko fetur, sai da tinar da masu ita suka ambata.

A gindin jirgi ita ce katangar da ke tsare ruwa, sabo da haka shafa ɗaya ba ta isa. Ana yin huɗu ko biyar da rola, har kaurinsu duka ya kai wajen rubu'in milimita. Masu wayo su kan sāke launi, fari bisa toka-toka, don a ga inda aka tsallake. Tsakanin shafa da shafa akwai lokacin da aka ƙayyade. Masu aikin su kan danna babban yatsa: in ya bar shaida amma faraimar ba ta biyo shi ba, lokacin ƙari ya yi. In aka bari ta daskare ƙwarai har kwanakin da aka rubuta suka wuce, sai an wanke ta da ruwa an sāke guga kafin a ɗora wani abu. Na saman jirgi kuwa, bayan ta bushe a bi ta da samfefa mai laushi, 220 zuwa 320. Kada kuma a bar ta tsirara a rana da daɗewa, domin hasken rana yana mai da fuskar ifoksi gari kamar alli.

Sai a kula da lokaci. Ba a shafawa da asuba jirgi na jiƙe da raɓa, ba a shafawa da tsakar rana jikinsa ya yi zafi, ba a shafawa gab da magariba raɓa na shirin sauka, ba a shafawa hadari na haɗuwa. Hantsi ne lokacinsa, a inuwa. Da ya ke hunturu yana zuwa da ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da rumfar, a kare gefen da iska ke bugowa da zana.

YADDA AKA RABA GARDAMA

Da dattawa suka ji wannan duka, suka ce laifi ya rabu biyu. Yaro ya karɓi aikin da bai sani ba, bai tambaya ba. Alhaji kuwa ya ba da kwana biyu ga aikin da ke son makonni, ya kuma zargi ɗan mutane da cin amana ba shaida. Aka yanke Alhaji zai sayi kayan aiki sabo, yaro zai kankare ya sāke da rabin lada, tsohon nan yana duba shi. Alhaji ya janye maganarsa a gaban jama'a, suka yi musafaha. Amma kuɗin fentin fari ya tafi, jirgi kuma zai yi zaman rumfa ana biyan hayar na wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawararmu ga duk wanda ke da irin wannan jirgi, ko ya ke niyyar saye, ita ce ya tambayi mai fenti yadda zai shirya jikin kafin ya tambaye shi launi. In ya ce gobe zai gama, a sallame shi da alheri. A rubuta sharaɗi, da ajami ko da boko, a gaban shaidu biyu, a raba lada kashi uku: ɗaya bayan wanki da gwajin ruwa, ɗaya bayan guga da faraima, ɗaya bayan fenti. Mai jirgi ya je da kansa kowane mataki, da butarsa da allinsa. In kuwa an ga tsohon jirgi ana tallarsa yana sheƙi da sabon fenti, a ƙwanƙwasa gindinsa tukuna kafin a taya.

Wanda ya ke da ƙarin sani a kan wannan sana'a, musamman 'yan'uwanmu na Buipe da Dambai da bakin teku, ya rubuto mana, za mu buga. Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, ya sa albarka a cikin nema. Haza wassalam, sai wata mai zuwa.